Naɗa tabar siga da hannu a gida, akwai wanda ya taɓa yi a nan Kumasi?

Ɗan_Aboabo

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni, kuma tun kafin in fara ina roƙo, wanda zai min nasiha ya yi na gode, amma a taimaka a ba ni amsar ma. Ni ɗinkin takalma da jaka nake yi a nan Aboabo, hannuna ya saba da fata da wuƙa, to kwanan nan sha'awar naɗa tabar siga ta kama ni, irin mai kaurin nan ta Kuba wadda babu takarda a jikinta, ganye ne ciki ganye ne waje. Ba sayarwa zan yi ba, so nake kawai in iya da hannuna, don wadda ake sayarwa a manyan otal kuɗinta ba na irinmu ba ne.

Na sayi ganye wajen wata tsohuwa a kasuwa, irin wanda masu niƙa asara, wato garin taba, ke saya, ta ce daga wajen Ejura ake kawo mata. Na kalli bidiyo a YouTube na bi yadda suke yi amma abin ya ƙi. Ganyen waje da na ja shi kaɗan sai ya yage, in ban jiƙa ba kuma ya farfashe a hannu. Wadda na samu ta naɗu in na kunna ba ta jan iska sai ka zuƙa har kumatu su yi ciwo, gefe ɗaya ya ci wuta ɗayan ya tsaya, ga hayaƙin yana yankan maƙogwaro da wani wari mai hawa kai. Sauran da na ajiye cikin leda kuma farin abu ya fito musu.

To laifin ganyen ne ko na hannuna ne? Da me ake liƙa bakin? Kuma ganyen ƙasar nan zai yi ko dole sai an yi odar na waje? Na gode.

Tsohon_Wenchi

Wa alaikumus salam ɗana. Hannunka ba shi da laifi tukuna, ganyen ne bai kai ba. Ni a gonar taba na tashi, mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana cikin manoman da ke noma wa kamfanin Pioneer Tobacco na Takoradi, wanda ya fara aiki tun shekarun 1950, daga baya ya koma sunan BAT, har aka rufe masana'antar a 2006. Wenchi, Ejura, Kintampo duk an yi noman taba sosai a lokacin. Amma ka san abin da aka fi nomawa a nan na sigari ne, irin Bajiniya, wanda ake busarwa a ɗakin wuta mai bututu, cikin mako guda ya bushe ya yi ruwan ɗorawa, yana da zaƙi-zaƙi. Wannan ba shi ne ganyen siga ba. Na siga a inuwa ake shanya shi, a rataye a rumfa iska na ratsawa, wata ɗaya da rabi zuwa biyu, ya tashi daga kore ya koma rawaya sannan ya koma ƙasa-ƙasa, kuma ba a sauke shi sai jijiyar tsakiya ta bushe har in ka lanƙwasa ta karye ƙas. Na tsohuwar nan taka mai yiwuwa na gargajiya ne da aka shanya a rana ko a hayaƙin murhu, don mai asara ƙarfi yake nema, zai niƙa ya zuba kanwa, ba ruwansa da ko ganye ya yage.

Warin nan da ka ce yana hawa kai, ganye ne da bai ruɓa yadda ya kamata ba. Bayan shanya akwai wani aiki da shi ne ainihin sirrin, kuma masu bidiyo ba sa nunawa don su ganyen da ya gama komai suke saya. Ka ga yadda mata ke yin daddawa, a dafa kalwa a rufe ta ta yi zafi da kanta har warinta ya juye? To haka ake yi wa ganyen taba. A yayyafa masa ruwa kaɗan, a ɗaure shi dami-dami, a jibge wani kan wani a lulluɓe, sai tsakiyar tarin ya ɗau zafi da kansa. In ya kai wajen digiri 45 zuwa 50 sai a warware, a kakkaɓe, na ciki ya dawo waje na waje ya koma ciki, a sake jibgewa. Ranar da ake juyawa idonka har ruwa yake yi saboda iskar amoniya da ke fita, wannan iskar ita ce ka zuƙa a taka. A Kuba da Nikaragwa tarin nasu ya kai ƙirjin mutum, kuma bayan haka sai su ɗaure ganyen su ajiye shekara biyu uku kafin ya je hannun mai naɗi.

Kai ganyenka bai da yawan da zai yi zafi da kansa, to sai ka nemo masa zafin. Ka jiƙa shi sama-sama yadda zai yi laushi amma in ka matse ba ruwa, ka cusa cikin kwalba mai murfi ko kula, ka ajiye inda ke da ɗumi kullum, misali ƙarƙashin kwanon rufi ko kusa da tandar masu burodi in kana da sanayya da su. Kullum ka buɗe ya sha iska ka jujjuya ka rufe. Mako huɗu zuwa shida. Hancinka ne zai gaya maka, ranar da ka buɗe ka ji ƙamshi mai daɗi ya maye gurbin warin nan to ya yi. In ka ga fumfuna ruwa ya yi yawa, cire wanda ya kamu ka zubar, kar ka ce za ka goge.

Sannan ganyen tsiro ɗaya ba ɗaya ba ne. Na ƙasa siriri ne, ba ƙarfi amma shi ke cin wuta. Na tsakiya shi ke da ƙamshi. Na sama da ya sha rana kauri gare shi da maiƙo, shi ne mai bugarwa kuma da ƙyar yake ci. In duk na sama ka tara ka naɗe dole ta riƙa mutuwa a hannunka. In ka koma wajen tsohuwar ka zauna ka zaɓa da kanka, ka ɗaga ganye a hasken rana ka duba kaurinsa.

In kuma wata rana ka ce za ka shuka a bayan gida, ka kiyaye abu ɗaya, kar ka tsinki ɗanyen ganye da raɓa a jikinsa hannu tsirara. Nikotin yana shiga ta fata, jiri da amai da zufa, na ga yara sun kwanta a gona saboda shi.

Boga_Nima

Baba ya gama magana kan ganye, Allah ya ƙara girma. Ni bari in ɗora a kan naɗin. Na zauna a Bronx a Amurka, kusa da inda nake aiki akwai shagon 'yan Dominika, wani dattijo na zaune bakin taga yana naɗawa daga safe har yamma, in na tashi aiki nan nake tsayawa har ya fara miƙo min ganye in gwada.

Siga kashi uku ce, akwai cikin, akwai ganyen da ke ɗaure cikin, sannan rigar waje. Kuma kowanne da irin damshinsa, nan ne mutane ke faɗuwa. Na ciki kusan busasshe ake so, ya lanƙwasu dai ba tare da ya karye ba. Maɗaurin ya fi shi laushi kaɗan. Rigar waje ita ce ake jiƙawa sosai, ka fesa mata ruwa mai tsabta ka sa a leda ta kwana, da safe za ka ga tana miƙewa in ka ja. Ina zargin kai duka ka jiƙa su ɗaya, shi ya sa cikin ya cushe ya ƙi jan iska, don jiƙaƙƙen ganye in ka matse shi manne wa juna yake yi.

Ka fara zare jijiyar tsakiya, ganye ya rabu biyu. Na ciki kar ka murɗa shi, wlh wannan shi ne babban abin da ke toshe siga. Kowane ganye ka ninka shi a tsaye, gaba baya gaba baya, ko ka naɗe shi ya zama ɗan bututu, sai ka jera su a tafin hannunka duk suna kallon gefe ɗaya, mai kaurin nan na sama a tsakiya, siraran a kewaye. Dalili, mai kauri a hankali yake ci, in yana gefe shi ne za ka ga ɓangare ɗaya ya ci ɗaya ya tsaya. Sai ka bi da yatsa daga sama har ƙasa, inda ka ji rami ka yago ɗan ganye ka cike, inda ka ji dunƙule ka rage. Sannan ka kwantar a kan maɗaurin ka mirgina a karkace.

Su 'yan Dominikan suna da katako biyu mai ramuka da suke sa wa a ciki su danne a matsi kamar minti 30 zuwa 45, su juya su sake dannewa don kar layi ya fito. Kai ba sai ka saya ba, yanki farar takarda mai faɗin yatsa uku ka naɗe ta da ita tam ka murɗe bakin ka bar ta ta kwana, za ta ɗau siffa. Kafin ka sa rigar waje ka yanke bakin ka ja iska ba wuta, in ba ta ja yanzu to ko ka sa mata riga ba za ta ja ba, warware ka sake.

Rigar waje kuma tunda kai mai aikin fata ne wannan zai zo maka da sauƙi. Shimfiɗa rabin ganyen a kan katako mai santsi, gefen da jijiyoyi suka fito yana kallonka don ya shige ciki, ka miƙar da shi da yatsu har ya kwanta. Su wata wuƙa suke amfani da ita mai lanƙwasa ba ta da ƙota, kai wuƙar yankan fatarka mai zagayen baki ta isa, ka wanke ta dai. Ka yanke gefe da gefe ya zama dogon ƙyalle mai ɗan lanƙwasa, ka fara daga ƙafar da ake kunnawa ka nufi kai, hannu ɗaya na mirginawa ɗaya na jan ganyen a hankali. Ja kaɗan fa, ba ja na ɗinkin takalmi ba.

Abin liƙi, ƙaro. Ƙaron nan dai da malaman zaure ke sa wa a tawada, akwai shi wajen masu kayan koli a zango. Jiƙa ɗan kaɗan a ruwan ɗumi ya narke ya yi kauri, ka tace, ka dangwala da kan yatsa a ƙarshen ganyen kawai. Ba shi da wari ba shi da ɗanɗano. Kar ka kuskura ka kai gam ɗin shagonka kusa da abin da za ka kunna ka sa a baki.

Kar ka fara da doguwa. Yi mai tsawon inci 5, kaurinta wajen santimita 2, ita ce suke kira robusto, ta fi sauƙin riƙewa. In ka gama kar ka kunna ranar, rigar na da ruwa, bar ta ta huta ko mako ɗaya ne.

Batun ko ganyen nan zai yi, ni ra'ayina na ciki da maɗauri zai yi in ka bi abin da Baba ya faɗa, rigar waje ce matsala don tana son ganye siriri mai faɗi marar huji, shi ya sa a Konetikat da Kuba har rumfar yadi suke yi wa gonar don rana kar ta sa ganyen ya yi kauri. Amma abin da ke ba ni haushi mutanenmu na ɗauka sai an haye teku. Ɗaya daga cikin rigunan da ake ji da su a duniya a gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya ake noma shi, kamfanin Arturo Fuente na Dominika da shi yake naɗe wasu sigoginsa masu tsada. Ƙasarmu ta Afirka na iya fitar da shi, kulawar ce babu.

Maman_Asawase

Ƙanina ka ce a yi nasiha amma a ba da amsa, to su sun ba ka amsa ni ga tawa. Ni nas ce, kuma ba zan iya karanta wannan in wuce ba.

Mutane na cewa ai siga ganye ne zalla ba sinadari, kuma ba a haɗiye hayaƙin, don haka ta fi sigari sauƙi. Ba haka ba ne. Karan sigari ɗaya tabar cikinsa wajen giram 1 ce, babbar siga tana ɗaukar giram 5 har zuwa 20, nikotin ɗin guda ɗaya na iya kai na kwalin sigari sukutum. Kuma hayaƙinta ta fatar baki yake shiga jini, ko ba ka kai shi huhu ba ya riga ya shiga. Wannan ruɓarwar da Baba ya yi bayani, ita ke gyara ɗanɗano, amma a cikinta ne wasu sinadarai masu jawo ciwon daji ke ƙaruwa. Leɓe, harshe, maƙogwaro, maƙoshin abinci, nan take kamawa. Na yi jinyar wani bawan Allah da aka yanke wa rabin harshe, ta bututu ake ba shi koko, matarsa na zaune gefe tana goge masa yawu da tsumma, yana so ya yi mata magana ba hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu suka shaƙa.

To dan Allah in dai sai ka yi, ban da cikin ɗaki, ban da tsakar gida inda yara ke wasa, ka san gidajenmu na zango ɗaki na jikin ɗaki. Ganyen da ruwan da ka jiƙa shi ka ɗaga su sama, ƙaramin yaro in ya tauna ganyen taba guba ce. Kuma ka san doka, Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, Act 851, ta hana shan taba a wurin taruwar jama'a da wurin aiki, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla. Shagonka ma wurin aiki ne, yaranka masu koyo na ciki. Ranar da abokai suka fara cewa naɗa min ɗaya in biya ka, ka shiga hurumin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna.

Ban sani ba ko dama kana sha ko wannan sha'awar ce za ta fara kai ka. In ba ka sha, ina roƙonka don Allah kar ka fara.

Almajirin_Tafo

Hajiya ta yi gaskiya. Ta fuskar addini kuma saɓanin tsoho ne, tun farkon shigowar taba ƙasashenmu malamai suka rabu, Ahmad Baba na Tumbutu yana cikin waɗanda suka halatta a zamaninsa, wasu suka hana. Amma su a lokacin ba su san abin da likitoci suka sani yau ba, shi ya sa mafi yawan malaman yanzu suka tafi kan haramci saboda cutarwa, wasu suka tsaya kan karhanci. Ka samu malaminka ku zauna. Kuma ko ba komai kar ka shigo sahu da warinta, ana cutuwa.

Ɗan_Aboabo

Na gode ƙwarai Baba, na gode Boga, wlh yau na gane inda abin yake, duka na jiƙa su ɗaya kuma murɗawa nake yi. Hajiya na ji maganarki har raina, gaskiya dama ina shan sigari tun da daɗewa kuma ina ta fama in rage, ba zan ce miki siga magani ce ba. Yara dai in sha Allah ba za su shaƙa ba, a shago ma ba zan kunna ba. Malam na gode.

Saura tambaya ɗaya, batun farin abin nan da ya fito. In na naɗa a ina zan ajiye, tunda leda ta ƙi? A firij?

Boga_Nima

A'a ban da firij, busar da ita zai yi kuma ta kwashi warin kifi da miya. Siga tana son damshin iska wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Matsalarmu a Kumasi da Akra da damina iskar kanta ta wuce 80, to ka sa jiƙaƙƙiyar siga a leda ka ɗaure dole ta yi fumfuna. Da hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu abin juyawa yake, ka bar ta a tebur dare ɗaya da safe rigar ta tsage. Su Turawa kullum ƙara wa akwatinsu ruwa suke, mu a nan rabin shekara rage ruwa za mu yi, don haka kar ka bi bidiyonsu ido rufe.

Nemi robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, da ɗan agogon auna damshi na dijital, masu kayan kiwon kaji suna sayarwa saboda injin ƙyanƙyasa. In kana so ka san ko agogon na faɗin gaskiya, zuba gishiri a murfin kwalba ka ɗiga ruwa ya jiƙe kawai kar ya narke, ka rufe su tare a roba su kwana, ya kamata ya nuna 75. Da damina ka bar sabbin su sha iska a ɗaki mai fanka kafin ka rufe, in agogon ya haura 70 ka jefa ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi, wannan kai ba sai ka nema ba. Da hunturu ɗan soso mai tsabta da ka jiƙa ka matse, a cikin ƙaramin murfi, kar ya taɓa sigar.

Katakon da ake shimfiɗa wa akwatin siga a duk duniya, wanda suke kira sidar Sifen, shi ne sedrela, kuma ana shuka shi a gandun dajin ƙasar nan. Je Sokoban wajen masu katako ka ce a ba ka ragowar sedrela busasshe, a fere maka siriri, ba fenti ba polish, ka shinshina za ka ji ƙamshinsa. Shimfiɗa a ƙasan robar, yana shan damshi in ya yi yawa ya sake shi in ya yi ƙasa.

Sai ƙwaro. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ja-ja da ke yin ƙwai a ganyen taba, in zafi ya wuce digiri 22 ko 23 sai ya ƙyanƙyashe, mu kuwa kusan kullum a sama da haka muke. Alamar sa ƙananan huji zagayayyu a jikin sigar da gari-gari a ƙasan roba. Ganyen kasuwa kusan ka ɗauka yana da shi. In sun gama hutawa ka sa su a leda biyu ka matse iskar, kwana ɗaya a firij, kwana uku a firiza, kwana ɗaya a firij kuma, sannan ka fito da su ka bar ledar a rufe har sanyin ya sake su. Ka duba lokacin da wuta ke zaune, in aka ɗauke a tsakiya firizar ta narke sai ka sake ƙirga kwana ukun daga farko.